Shin control array na Visual Basic 6 zai dawo?

Tambaya: Malam, da Visual Basic 6 na koyi rubuta manhaja. A can idan zan haɗa kalkuleta sai in kwafi maɓalli ɗaya har goma, duk sunansu ɗaya, kowanne da lambarsa ta Index, wato abin da ake kira control array. Na koma VB.NET, magajin Visual Basic 6, na nemi control array na rasa. Microsoft za su dawo da shi, ko in haƙura?

Amsa: Ɗan'uwa, haƙuri za ka yi, ba zai dawo ba. Tun 2002 da VB.NET ya fito babu shi a ciki, fiye da shekara ashirin ke nan. A watan Maris na 2020 kuma Microsoft suka bayyana cewa ba su da niyyar ci gaba da faɗaɗa Visual Basic a matsayin yare, sai dai su riƙa kula da shi. Wanda ya daina ƙara ɗaki a gida ba zai sake gina wanda ya rushe ba.

Na fahimci kewar da kake yi, domin abin yana da daɗin aiki. Amma ka san dalilin da ya sa aka ƙirƙire shi? A Visual Basic 6 (VB6), wanda ya fito a 1998, kowane maɓalli yana ɗaure da aikinsa ta hanyar suna: Command1 sai Command1_Click. Idan kana so maɓallai goma su yi tarayya a aiki ɗaya, dole su yi tarayya a suna. Ga kuma iyaka: fom ɗaya, wato tagar manhaja da ake jera maɓallai a kai, ba ya ɗaukar sunaye fiye da 254, control array kuwa suna ɗaya ake lissafa shi komai yawansa. Wato dabara ce ta kewaye matsalolin da .NET, tsarin da aka gina VB.NET a kansa, ba shi da su.

Yanzu ga yadda za ka yi kalkuletarka. Rubuta Sub ɗaya, wato gungun umarnin da zai yi aikin, a ƙarshen layinsa na farko ka sa Handles, ka jero Button0.Click, Button1.Click har zuwa na tara. Duk wanda aka danna, nan zai zo. Maimakon Index, akwai sender, wanda shi ne ainihin maɓallin da aka taɓa. Ka mayar da shi Button da DirectCast, ka karanta Text ɗinsa, wato rubutun da ke kansa, ko ka ajiye lambarka a Tag, gurbin ajiya da kowane maɓalli ke da shi. Ni na fi son wannan, domin maɓallin kansa ne a hannunka, ba lambarsa kawai ba.

Idan kuma a da kana amfani da Load don ƙara maɓallai yayin da manhaja ke gudana, sai ka ƙirƙire su da New Button a cikin For, wato umarnin maimaita aiki, ka zuba su a List(Of Button), ka sa su a fom da Controls.Add, sannan ka haɗa kowanne da aikinsa da AddHandler. Wajen AddHandler ɗin nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe: idan aka manta da shi, maɓalli ya fito, a danna shi shiru.

Wataƙila ka ci karo da ButtonArray a Microsoft.VisualBasic.Compatibility.VB6. Don kwaso tsofaffin manhajoji aka tanade shi, kuma tun .NET Framework 4 aka yi masa alamar wanda ya tsufa. Kada ka gina sabon aiki a kansa.

Tsohuwar manhajarka ta VB6 kuwa za ta iya ci gaba da gudana a Windows 10 da 11, ko da yake Microsoft sun janye tallafin kayan rubuta ta tun 2008.