Tambaya Da Amsa: Anti Kwana Uku Nono Bai Zo Ba, Yaron Sai Kuka Yake

Saƙonnin wannan makon kusan duk na masu haihuwar fari ne, na zaɓo uku saboda fili, sauran ku yi haƙuri sai wani satin in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki amsa min da wuri. Haihuwata ta fari ce yau kwana uku, na sha naƙuda kwana da wuni kafin Allah ya sauke ni lafiya, to matsalar har yanzu nono bai zo ba, in na matsa sai wani abu rawaya mai kauri ke fitowa ɗigo ɗigo, shi kuma yaron jiya wlh bai bar ni na runtsa ba, in na sa masa nono ya tsotsa ya yi barci, ina kwantar da shi sai ya tsala ihu. An auna shi an ce ya ragu, da kilo 3.2 aka haife shi yanzu kilo 3 ne cif. Duk wanda ya shigo sai ya ce yunwa ce in ba shi ruwa ko madarar gwangwani, ni duk na rikice. Daga wata sabuwar uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da sauka, Allah ya raya. Ki kwantar da hankalinki, wannan rawayan da kike rainawa shi ne dakashi, kuma a kwanakin nan babu abin da ya fi shi amfani a wajen yaronki, yana ɗauke da sinadaran kariya daga cututtuka, shi ne kuma ke taimakawa ya fitar da baƙin kashin nan na farko mai danƙo. Kaɗan yake zuwa saboda cikin ma kaɗan ne, ranar da aka haifi jariri cikinsa bai wuce ya ɗauki mililita 5 zuwa 7 ba a shan nono ɗaya, wato ƙaramin cokali ɗaya da ɗan ɗori. Nono sosai yakan zo ne tsakanin kwana 2 zuwa 5, a haihuwar fari ko wadda aka yi wa aiki ya kan ɗan yi jinkiri, za ki tashi wata safiya ki ji ƙirjinki ya yi nauyi ya cika tam har ki rasa yadda za ki yi da shi.

Maganar ragewa kuma mu yi lissafi, giram 200 ya rasa cikin 3,200, kashi 6 cikin 100 ke nan da ɗan wani abu. Jarirai dama suna raguwa a kwanakin farko, sai ya doshi kashi 10 ne ma'aikatan lafiya ke fara damuwa, kuma yawanci zuwa kwana 10 ko 14 sun koma nauyin haihuwarsu.

Wancan daren da ya hana ki barci, ai aiki yake yi miki. Duk tsotson da ya yi saƙo ne yake kaiwa ƙwaƙwalwarki ta saki sinadaran da ke haɗa nono da masu tunkuɗo shi, shi ya sa ma kike jin mararki na murɗawa in yana sha, mahaifa ce ke tsukewa tana komawa yadda take. In kika cika masa ciki da ruwa sai ya rage tsotso, nonon ya ƙara jinkiri, ga kuma gudawa da ruwan kan jawo in ba mai tsafta ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya nono zalla ta ce har wata 6, ko ruwa babu, don nonon kansa mafi yawansa ruwa ne. Ki sa shi sau 8 zuwa 12 a kwana, ki cire masa riga ki ɗora shi a ƙirjinki fata da fata ki lulluɓe ku tare, ki lura ya buɗe baki sosai ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon, don in kan kawai ya kama zai tsage miki shi kuma ba zai ƙoshi ba.

Ki bar ƙirga kuka, ki ƙirga famfas. Daga kwana 5 ya kamata ya jiƙa aƙalla guda 6 a kwana, kashin kuma ya tashi daga baƙi ya koma kore ya koma rawaya. In fitsarin ya yi ƙaranci, ko yaron ya yi laushi yana ta barci ba ya iya tashi ya sha, to ki koma asibiti a ranar, in ma madarar ce za a ƙara masa su za su faɗa miki nawa da yadda za a dama. Ni shirun jariri ya fi ba ni tsoro a kan kukansa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Matata ta haihu kwana shida ke nan, ita da jaririyar lafiya lau, amma tun shekaran jiya sai in shigo in tarar da ita tana kuka, in na tambaya ta ce ita ma ba ta san dalili ba, na yi lallashin har na gaji na fara tunanin ko wani laifi na yi. Sannan tana cewa kanta na sarawa sosai har idonta na ganin dishi dishi, na ce mata rashin barci ne. Daga wani sabon uba.

AMSA: Ɗana bari in fara da abin da ka sa a ƙarshe kamar ba komai ba, don shi ne babba. Ka ajiye mujallar nan ka kai ta a auna jininta yau, kar ka ce sai gobe. Ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi dishi bayan haihuwa alama ce ta hawan jinin da kan kai ga jijjiga, mutane na ɗauka da an haihu an tsallake, alhali yana iya tasowa har sati 6 bayan haihuwa ko da ba ta taɓa yi ba lokacin awo. Mai yiwuwa a auna a ce rashin barcin ne kamar yadda ka ce, to alhamdulillahi, ba ka yi asarar komai ba. Haka in ka ga jinin biƙi na jiƙa auduga sharkaf cikin awa ɗaya, ko yana wari, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi na yi mata wuya, duk na gaggawa ne.

Kukan kuma ba laifinka ba ne. Da mabiyiya ta fita sinadaran da suka riƙe cikin wata tara sai su faɗi lokaci guda, ga ciwo ga gajiya ga rashin barci, shi ya sa mafi yawan masu jego ke samun wannan kukan babu dalili daga kwana 3 zuwa 5, kuma yana wucewa da kansa cikin sati biyu. Ka daina tambayarta me aka yi miki, ba ta da amsa, tambayar ma ƙara mata nauyi take. Ka karɓi jaririyar bayan ta sha nono ka sa ta a kafaɗa ta yi gyatsa, ka canza famfas, ka rage mata masu shigowa ta samu awa uku a jere tana barci, wlh wannan ya fi mata kalaman lallashi dubu. Amma in sati biyu ya wuce abin na ƙaruwa, ba ta cin abinci, ba ta son ɗaukar yarinyar, ko ta fara maganar gara ta mutu, to ya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa, ciwo ne kamar kowane ciwo kuma yana da magani, likita za ku gani. Kai ma in kukan jaririya ya kai ka maƙura ka kwantar da ita a rigingine a shimfiɗarta ka fita ka sha iska minti biyar, kar ka kuskura ka girgiza ta, wuyanta bai da ƙarfi kuma ƙwaƙwalwa na iya zubar da jini.

TAMBAYA: Anti idon yarona da fuskarsa sun yi rawaya yau kwana huɗu, an ce in riƙa shanya shi a ranar safe zai wuce. Kuma cibiyarsa ba ta faɗi ba har yanzu.

AMSA: Cutar shawara ce 'yata, kuma fiye da rabin jarirai suna yi, saboda jinin da suka zo da shi yana farfashewa da yawa hantarsu kuma ba ta gama ƙwari ba ballantana ta tace. Yawanci tana wucewa, matsalar ita ce ido ba ya iya faɗa miki wacce ce mai sauƙin wacce ce mai taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko nakasa, sai an auna. Ki kai shi a duba, in ta yi sama za su sa shi a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske kwana ɗaya ko biyu, rana ba ta maye gurbin wannan, sai ma ta ƙona masa fata. Wadda ta fito cikin awa 24 na farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko ta wuce sati biyu, ko kashinsa ya yi fari fat, wannan ba a kwana da ita a gida. Ki ci gaba da ba shi nono akai akai don ta kashi take fita.

Cibiya kam kin yi gaggawa, sati ɗaya zuwa uku take ɗauka. Ki bar ta a bushe, ki naɗe bakin famfas ƙasa da ita, kar ki ja, kar ki shafa komai sai abin da nas ta ba ki. In gefenta ya yi ja, ko tana ruwa mai wari, ko kin sa ma'aunin zafi ya nuna 38, ki kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.