Amsa ga mai tambaya kan tsakar da ta yar da wutsiyarta

Ɗan'uwa, sannu da wannan tashin hankali. Ka ce yaronka ya cafko tsakarku mai zanen damisa ta wutsiya, wutsiyar ta ɓalle a hannunsa, kana tambaya ko za ta mutu da abin da za ka shafa mata. Kwantar da hankalinka, da wuya wannan ya kashe ta. A lallashi yaron ma, domin ita ce ta saki wutsiyar da kanta.

Tawa ta yi haka ranar da murfin akwatinta ya suɓuce mini ya faɗa ciki. Ban manta ba, wutsiyar tana gefe tana ta mutsu-mutsu a kan dutse, ita kuwa ta shige maɓoya ta yi lamo. Haka Allah ya halicce su. Ƙasusuwan wutsiyar suna da wuraren tsinkewa, in ta firgita sai tsoka ta matse, wurin ya rabu, jijiyoyin jini su tsuke. Shi ya sa ba ka ga jini sosai ba. Can asalinsu, a duwatsun Afganistan da Fakistan da arewa maso yammacin Indiya, da wannan dabarar suke tsere wa maciji da tsuntsu.

Yau ɗin nan ka kwashe yashi ko ƙasar da ke cikin akwatin, ka shimfiɗa tishu mai kauri, kana canzawa kullum. Yashi yana manne wa ɗanyen ciwo. In tana tare da wata, raba su. Batun shafe-shafe kuwa, ni ban sa wa tawa komai ba. Kada ka kusantar da man zafi ko sipirit, ko duk wani man da aka haɗa da maganin kashe raɗaɗi. In wurin ya yi datti, a sirka aidin marar sipirit (irin Betadine) da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri, a ɗan ɗiga. Sannan ka daina ɗaukarta na 'yan makonni, ko da kana jin tausayinta.

Inda na fi so ka sa ido shi ne abinci da ɗumi. Wutsiyar nan mai kauri rumbunta ce, a nan take tara kitse, yanzu kuma rumbun ya tafi. Gefen ɗumi na akwatin ya tsaya wajen digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen ya fi sanyi, saboda ba ta narkar da abinci sai da ɗumi. Tawa ta yi kwana uku ba ta kalli komai ba, sai a na huɗu ta cafke gyare. Daga nan na riƙa ba ta kusan kullum, gyare da tsutsa, bayan na ciyar da su ganye da karas na kuma barbaɗa musu garin kalsiyam. Gyaren da ba ta ci ba ka fitar da shi kafin ka kwanta. Wannan kam kada ka yi wasa da shi, domin gyare mai yunwa yana gaigayar ciwon cikin dare. A bar mata maɓoya mai danshi saboda saɓa.

In ka ga kumburi, ko mugunya, ko wari, ko wurin yana baƙi, ko ta haura mako ba ta ci tana ramewa, sai likitan dabbobi wanda ya san masu jan ciki.

Cikin 'yan kwanaki bakin ciwon zai rufe, sai wani ɗan tsiro mai launin hoda ya leƙo. Wata ɗaya zuwa biyu wutsiya ta dawo, amma da guringuntsi a ciki maimakon ƙashi. Ta tawa ta fito gajera, sumul, kamar ƙaramin dankali, zanen ma ya bambanta. Da ita take yawo har yau, kuma ta cika ta da kitse tam.