Ga mai tambaya kan "maybe" da 'yan'uwanta

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, cewa duk sanda ba ka da tabbas a Turanci, "maybe" kaɗai ke zuwa bakinka, har abokan aikinka sun laƙaba maka Malam Maybe. Ni ba malamin makaranta ba ne. Na dai daɗe a harkar riɗi da zoɓo a Dawanau, rabin aikina kuwa waya da saƙonni ne da masu saye na ƙasashen waje. Abin da na sani a wannan fanni, asara ce ta koya mini.

Matsalarka ba ƙarancin kalmomi ba ce kaɗai. Kalmomin nan ba nauyinsu ɗaya ba, kamar yadda a Hausa "ƙila" daban, "da alama" daban, "ina kyautata zato" daban. "Possibly" ita ce mafi rauni, abin zai iya faruwa amma kada ka ɗora tukunya. "Maybe" da "perhaps" suna tsakiya, ko a yi ko a fasa, sai dai "perhaps" ta fi dacewa da wasiƙa da gaban manya. "Probably" kuwa ta riga ta karkata ga e.

A kan "probably" ɗin nan na ƙone. Wani dillali a Landan ya tambaye ni yaushe kaya za su isa tashar jiragen ruwa a Legas, na ce masa "probably Friday". A raina abin da nake nufi shi ne ƙila Juma'a, in Allah ya yarda, don ko lodi ba a gama ba. Shi kuma ya ji kamar na ce kusan tabbas, ya je ya shirya komai a kan Juma'ar. Mota ba ta iso ba sai Talata. Kuɗin jinkirin da aka caje mu, har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina. Da "possibly Friday, but I can't promise" na ce, da babu wanda zai kama ni da laifi.

Kada ka ɗauka mu baƙin harshen ne kaɗai ke ruɗewa. A 1951 masu nazarin leƙen asirin Amurka sun rubuta cewa harin Tarayyar Sobiyet a kan Yugoslabiya "serious possibility" ne, wato abu ne da zai iya faruwa, ba na rainawa ba. Da wani jami'insu, Sherman Kent, ya bi waɗanda suka amince da rahoton ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da suke nufi, sai ya tarar wani yiwuwar harin kashi 20 cikin ɗari yake nufi, wani kuma har 80. Masu harshen kenan.

Ga wata da Bahaushe zai kama nan take: "apparently". Wannan "wai" ce tamu. "Apparently the price has dropped", wai farashi ya faɗi, ji na yi, ban gani da idona ba. In kana so ka nuna ba ka ma yarda da zancen ba, sai ka ce "supposedly", wato wai ɗin nan da ake faɗa ana taɓe baki. "Allegedly" ta 'yan jarida da lauyoyi ce, ana zargi, bar musu kayansu.

"Anya" kuma fa? Na daɗe ina neman takwararta a Turanci ban samu guda ɗaya da ta cika ba. Mafi kusa su ne "I doubt it" da "are you sure?". Ka lura, b ɗin cikin "doubt" ba a furta ta, daut ake cewa. Amma ka yi hattara da mutanen Indiya a nan. Ranar farko da wani mai saye daga can ya rubuto mini "I have a doubt about the invoice", raina ya ɓaci, na zaci ƙarya yake cewa na yi masa. Ashe a Turancinsu tambaya kawai yake da ita. Sai da wani yaron shagonmu da ya yi karatu a can ya wayar mini da kai, bayan na riga na aika amsa mai zafi.

Turawan Ingila su ne suka fi ba ni wahala, don sukan ari kalmomin shakka su lulluɓe a'a da su. In Bature ya ce maka "I'm not sure that will work", yawanci ba kokwanto yake ba, ya gama ƙin abin, kunyarka kawai yake ji. Haka "I'm afraid not", babu tsoro a ciki ko kaɗan, a'a ce cikin ladabi. Mu ma ai muna yi, in aka ce maka "bari mu gani" ka san inda aka dosa. Kai ma za ka iya aron dabarar: maimakon ka ce wa oganka "you are wrong", ce masa "I may be wrong, but I think the figure is different". Ka faɗi gaskiyarka, ba ka ci fuskarsa ba.

Sauran ƙanana ne. "I guess" ta fi yawa a bakin Amurkawa, "I suppose" da "I reckon" a Ingila. "He might come" ta ɗan fi "he may come" rauni, amma a hira ba kowa ke bambanta su ba. "He must be at home" ba umarni ba ne, lallai yana gida kenan, ka auna ne ka yanke. A rubutu kuma ka raba "maybe he is busy" da "he may be busy", ta farko a haɗe, ta biyu kalma biyu.

Ka ɗauki uku kawai wannan makon, "probably", "apparently" da "I'm not sure", ka riƙa jefa su a wurin aiki har bakinka ya saba. In ka haɗu da wata jimlar da ta ɗaure maka kai, turo ta nan mu warware ta tare.