Filin Malamin Gona: Lambun Bayan Ɗaki Kafin Saukar Damina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina da ɗan fili a bayan ɗakina, bai wuce taku goma a tsaye da shida a kwance ba, ƙasar kuma rairayi ce kamar yadda ka san yankinmu. Bara na zuba kashin kaji na shuka tumatir da alayyafo, suka fito gwanin sha'awa, amma kafin mako biyu duk suka ƙone. Ɗan abin da ya tsira awaki suka ƙarasa shi. Bana ina so in sake gwadawa, domin kuɗin cefane ya ishe mu. Tunda yanzu bazara ta shigo, me zan fara yi, kuma wane iri zan saya?
Wata uwargida daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam Uwargida, Allah ya yi albarka. Maganar iri ki jingine ta tukuna, ita ce ta ƙarshe. Lambun damina a bazara ake yinsa, tun ƙasa tana ƙona ƙafa.

Fara da shinge. Ki sa maigida ko yara su nemo karan dawa tun yanzu a kafa darni, don idan bazara ta yi nisa kara tsada yake yi, an ƙone wani a murhu, dabbobi sun cinye wani. A matse gindinsa sosai, a jera ƙaya daga waje. Akuya kowa yana ganin ɓarnarta, amma kaza da 'yan tsakinta sun fi ta illa, ta ƙasa suke shiga su tone irin tun bai tsiro ba.

Abin da ya kashe miki shukar bara kuwa ɗanyen taki ne. Kashin kaji ya fi na awaki da na shanu ƙarfi, kuma muddin bai ruɓe ba zafi yake fitarwa ya ƙone saiwar tsiro. Ga shi ɗanyen taki mai haɗe da kara da ciyawa yana gayyato gara. Don haka a haƙa rami a inuwa, zurfinsa zuwa gwiwa. Ki riƙa zuba sharar turken awaki, ki bi da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa, sannan kashin kajin kaɗan, haka hawa-hawa har ya cika. Ki yayyafa ruwa ya jiƙu amma kada ya yi caɓa, ki rufe da tsohon buhu, duk mako biyu a juya shi da fartanya. Cikin mako 6 zuwa 8 zai nuna. Ki cusa hannu tsakiyarsa: in kin ji ɗumi, da saura, in ya huce, ya yi baƙi, yana marmashewa, warin ya tafi sai ƙamshi irin na ƙasar da ruwan farko ya taɓa, to ya yi. Ƙasar rairayi ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe abinci, wannan takin shi ne zai riƙe mata su. Takin zamani irin su NPK yana da amfaninsa, amma a rairayi tsura ruwan sama biyu masu ƙarfi sun isa su wanke shi, kuɗinki ya bi ruwa. Idan za ki ɗebo daga juji, a tsince leda da kwalba da tsofaffin batura. Toka kuma kada ki jibga ta cikin ramin, rage wa taki ƙarfi take yi. Ki ajiye ta daban ki barbaɗa kaɗan a kan ƙasa lokacin kaftu.

Wani kuskure da nake yawan gani a gidaje: mutum ya ga fangalin masu noman rani na Kadawa ko fadamar Hadeja, ya zo ya kwaikwaya a damina. Fangali don ya tare ruwa aka yi shi. Ke kuwa kunya za ki tayar, tsayin taƙi guda, saboda in ruwan Agusta ya kankama, shukar da ke cikin kwari ruɓewa take yi. Ki duba inda indararo yake zuba da inda ruwan tsakar gida yake bi ya fita, ki kauce musu. Kada kuma ki yi shuka a gindin darbejiya, inuwarta da saiwarta ba sa barin komai ya yi kirki.

To sai iri. Ni dai ba zan ba ki shawarar tumatir a damina ba. Shi ɗan sanyi ne, shi ya sa yake araha a Janairu da Fabrairu, ya yi tsada in ruwa ya sauka. Laima tana jawo masa cututtukan ganye da ruɓewa. In ranki ya kafe a kansa, gindi huɗu ko biyar sun isa, ki kafa musu sanda kada su kwanta a ƙasa. Latas da kabeji da karas su jira Oktoba ko Nuwamba. Abin da zai rufa miki asiri a tukunya shi ne kuɓewa, alayyafo, yakuwa, rama da lalo, sai kabewa guda biyu su hau darni, da zogale a kusurwa. Kuɓewa ki jiƙa ta kwana ɗaya, ƙwaya biyu ko uku a rami, taƙi biyu tsakani. Cikin wata biyu kin fara tsinka. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, ki cuɗa shi da yashi kafin ki watsa, in ba haka ba wuri guda zai cunkushe. Bayan kamar mako huɗu kin fara miya. Attaruhu da tattasai kuwa reno suke so: ki zuba irin a tsohuwar roba mai huji a ƙasa, a inuwa, ki rufe da tsohon gidan sauro tun ƙarshen Afrilu. In sun yi mako 5 zuwa 6 sai dashe, da yamma ba da rana ba.

Kada ruwan farko na watan Mayu ya ruɗe ki, sau da yawa yakan zuba ya ɗauke. Jira sai kin tona taƙi guda kin tarar da laima, wanda a wajenku galibi sai Yuni. Ki riƙa sauraron hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, a rediyo, in kuma malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Jigawa, ya shigo garinku, a nuna masa filin ya gani da idonsa.

TAMBAYA: Malam, ruwa saye muke yi a wajen 'yan garuwa. Ko zan iya shayar da reno da ruwan wanke-wanke?
Wani magidanci daga Bichi, Jihar Kano.

AMSA: Malam, ruwa iri-iri ne. Na wankin shinkafa, na tsari da na alwala duk suna da kyau, a sa bokiti a tara. Wanda aka yi wanki da garin sabulu ko bilic, da mai gishiri ko maiƙo, a zubar da shi can nesa, kashe tsiro yake yi kuma yana ɓata ƙasa. A zuba a gindi da sassafe ko bayan la'asar, kada a watsa a kan ganye, sannan a rufe bakin robar da busasshiyar ciyawa don laimar ta daɗe.