Amsa: Makunnin zaɓen sauti na amfilifaya mai bawul

Malam, tambayarka ita ce ko za ka iya haɗa makunni da kanka don ka riƙa sauya rediyo, na'urar CD da garmaho a amfilifayarka mai bawul (na'urar ƙara ƙarfin sauti mai aiki da ƙwayayen gilashi), wadda mashigar sautinta ɗaya ce. Ƙwarai kuwa, aikin ba wuya. Nemi makunni mai juyawa wanda ke sauya layin hagu da na dama lokaci guda, ka sa shi cikin akwatin ƙarfe, ka yi amfani da gajerun wayoyi masu rigar raga, duk ragar ta haɗu da jikin akwatin a wuri ɗaya. Amfilifayar bawul tana saurin kwaso gurnanin wutar gida, doguwar waya tsirara ba za ta bar ka ka ji daɗin kiɗa ba.

Amma akwatin ya zama a waje, kada ka cusa shi cikin amfilifayar. Wutar cikinta kan wuce bolt 300, kuma kafasitocinta (sassan da ke adana wuta) na riƙe ta ko bayan ka kashe. Idan kana jin "ƙas" lokacin juyawa, liƙa rizisto (ɗan abin da ke rage gudun wuta) mai megohm 1 daga kowane layi zuwa ragar, ni haka na magance nawa. Shi kuwa garmaho sautinsa ƙanƙani ne, sai ya bi ta ƙaramar amfilifayar fono (wadda aka yi don ƙara ƙarfin sautin garmaho) kafin ya shigo makunnin.