Tambayoyin manoman Damagaram kan ajiye irin itatuwan gida

Wani manomi daga Matamai ya ce ya tsinci 'ya'yan gawo cikin buhu guda a watan Maris, da damina ta kama ya buɗe sai ya tarar da gari da ƙwari. Yana tambaya ina ya kuskure.

Malam, tun wajen tsintar aka yi kuskuren. Kwafson gawo da ya kwana biyu a ƙasa, ƙwaro ya riga ya yi ƙwai a ciki, kai ne ka ɗauko shi da hannunka ka kai ɗaki. Ka shimfiɗa tabarma a gindin itacen, ka kaɗo waɗanda suka nuna da ƙugiya, kafin awaki su riga ka. Ka sussuka a turmi a hankali, ka sheƙe, ka zuba ƙwayar cikin ruwa. Wadda ta taso sama ƙwaro ya cinye cikinta, a zubar. Wadda ta nutse ka shanya ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba kan kwano da tsakar rana ba.

Don ka tabbatar ta bushe, zuba gishiri busasshe cokali ɗaya cikin kwalba, ka ƙara iri kaɗan, ka rufe, ka girgiza, ka bari jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima. In ya bushe, ka gauraya da tokar murhu da aka tankaɗe, ka cika bido ko kwalba har wuya, ka toshe baki sosai. Kar ka bar rabin bido fanko, iskar da ke ciki ita ke raya ƙwaro. Ka rubuta sunan itacen da garin da shekarar a jiki, don bayan damina biyu ba wanda zai tuna.

Abin da na fi ganin mutane suna sakaci da shi: debo iri duka daga itace guda saboda yana bakin hanya. Ka zaga itatuwa 20 ko fiye, masu tazara da juna, ka ɗebi kaɗan-kaɗan, ka bar wa daji rabonsa. Ƙasar Magariya da Matamai da Mirya ta yi suna da gawo a cikin gonaki, ba ka da uzurin tsayawa kan guda.

Lokacin shuka kuma, fatar ƙwayar gawo tauri gare ta. Ka ɗan kankare gefenta da wuƙa ko abin yanke farce, ka jiƙa kwana ɗaya. Haka kuka da bagaruwa. Shi ya sa kake ganin gawo na tsirowa inda awaki suka kwana, cikinsu ne ya yi aikin.

Wata baiwar Allah daga Tanut ta ce ta shanya anza da kyau ta ajiye har shekara, da ta shuka ko ɗaya bai fito ba.

Inna, ba laifinki ba ne, anza ba ta son bushewa. Ƙwayarta na mutuwa da zarar ta rasa laimarta, don haka ba a yi mata ajiyar gawo. Tana nuna ne wajen farkon damina: ki cire ɓawon, ki wanke, ki binne ta a cikin kwanakin nan inda kike so ta zauna, ki kewaye da ƙaya. Busasshiyar ki bar ta don tukunya, bayan an jiƙa ta ɗacin ya fita.

Wani kuma daga Gure ya yi tambaya kan ajiye irin aduwa da magarya. Ita aduwa a jiƙa a wanke zaƙin jikinta tas, in ba haka ba tururuwa da ƙwari za su bi ta har cikin bido. Magarya a ajiye ta da ƙwallonta, sai ranar shuka a fasa a hankali a ciro ƙwayar.