Piston na ƙira a injin turbo: amsoshin wasiƙunku

Wani matashi daga unguwar Zariya a Maradi ya rubuto cewa yana da mota mai turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi, yana so ya sa mata piston na ƙira, wanda makanikai ke kira forje, da hannunsa a tsakar gida, kuma an kawo masa wasu a rabin kuɗin da aka faɗa masa a Kano.

Ɗana, wannan rabin kuɗin shi ya fi tayar mini da hankali. Piston iri biyu ne. Akwai na zubi, wanda ake narka alminiyom a kwarara a mazubi kamar yadda ake yin tukwanenmu, akwai kuma na ƙira, wanda ake danne dunƙulen ƙarfen da matsi mai tsanani har ya ɗauki siffa, shi ya sa ya fi jure wuta da bugu. Marasa tsoron Allah sukan goge na zubi ya yi ƙyalli, su buga masa sunan kamfanin piston irin Wiseco ko Mahle, su sa a kwali mai kyau. Ka kifa shi ka dubi cikinsa: na ƙira sumul yake, na zubi kuwa za ka ga layukan da mazubi ya bari. Na gaskiya yana zuwa da lambarsa da takardar awo, kuma duk wanda ya ce maka takardar ta ɓace a hanya, ka mayar masa da kayansa. Na gaji da ganin mutum ya tara jikkunansa wata da watanni, ya miƙa wa wanda bai san shagonsa ba saboda hoto a WhatsApp, sannan piston ya fashe a hanyar Dan Issa ya tafi da injin gaba ɗaya. Jabun fitila asarar kuɗinta kawai za ka yi, amma jabun piston har da silinda da turbo yake ci.

Ko da na gaskiya ka samu, aikin ba na tsakar gida ba ne duka. Piston na ƙira yana kumbura idan ya ɗauki zafi fiye da na zubi, musamman wanda aka yi da haɗin alminiyom mai lamba 2618, domin haɗin mai lamba 4032 yana da sinadarin silikon kusan kashi 12 cikin ɗari kuma kumburinsa bai kai haka ba. Saboda haka dole a kai injin wurin masu gyaran silinda su auna, su bar tazarar da kamfanin ya rubuta, wadda ba ta wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba. Zobban piston ma sai an sa kowanne a silindarsa an auna bakinsa, a goge idan ya matse, domin idan bakin ya haɗe da zafi, kan piston ɗin ne zai ɓalle. Haɗawar kuma a yi ta a ɗaki rufaffe, da makulli mai auna ƙarfin ɗauri. Ƙurar hunturun Maradi idan ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, aikin takardar yashi take yi.

Wani kuma yana tambaya ko forje zai ƙara wa motarsa gudu. Ba zai ƙara ba, Malam. Juriya yake ƙarawa ga injin da aka ƙara wa matsin turbo. Idan motarka yadda kamfani ya yi ta take, ka sayi mai da tayoyi masu kyau da kuɗin.

Wani dattijo daga unguwar Ali Dan Sofo ya ce tun da aka sa wa motar ɗansa irin wannan piston yake jin ƙwanƙwasa da safe, har barci ya gagare shi. Baba, ka kwantar da hankalinka. Idan ƙarar ta ɗauke bayan ƴan mintuna da injin ya ɗumama, tazarar nan ce da na ambata, kuma ba laifi ba ne. Wadda za a ji tsoro ita ce ƙara mai kama da tsakuwa a gwangwani lokacin da aka taka mota da lodi, musamman a zafin watan Afrilu, domin alama ce man yana kama wuta ba bisa ƙa'ida ba. A nan sai a tsayar da motar a duba saitin injin, kuma ka ce wa yaron ya daina zuba mata man kwalba na bakin titi, ya riƙa sha a gidan mai.